Zumar kastana: tambayoyi da amsoshi kan baƙar zumar nan mai ɗaci

Kawuna ne ya fara kawo mana ita. Ya je saro kaya Istanbul, ya dawo da 'yar kwalba mai cin rabin kilo a cikin tsarabarsa. Zumar ciki baƙi ƙirin, sai ka ɗaga kwalbar a rana sannan ka ga wani ja-ja yana gilmawa. Inna ta sa yatsa ta lasa, ta yamutsa fuska ta ce, "Alhaji, an cuce ka. Wannan ai da maɗaci aka haɗa ta." Kawu ya rantse ya kuma rantsewa cewa duk shagon ba wadda ta kai ta tsada. Ɗacin da Inna ta ji gaskiya ne, amma ba wanda ya cuci Kawu. Haka Allah ya yi zumar.

Daga baya na riƙa cin karo da ita a hannun 'yan kasuwa da ɗalibai masu dawowa daga Turkiyya, da kuma a tallace-tallacen WhatsApp, inda ake jero mata cututtuka kamar ana karanta kayan lefe: asma, ulsa, basir, hawan jini, ƙarancin jini, har da raunin mazakuta. A cikin jerin nan akwai gaskiya, akwai ƙarin gishiri, akwai kuma abin da zai iya kai mutum asibiti. Ga tambayoyin da aka fi yi mini da amsar da nake bayarwa.

Wai mece ce kastana ɗin ma tukuna?

Bishiya ce ta ƙasashe masu tsaunuka da sanyi da wadataccen ruwan sama. Ba ta fitowa a ƙasar Hausa, shi ya sa ba mu raɗa mata suna ba. Kastana aron Larabci ne. Turkawa na ce mata kestane, masu Ingilishi su ce chestnut, masana tsirrai kuma Castanea sativa. Ƙatuwa ce, takan kai tsayin mita 30, ga tsawon rai. A gefen dutsen Etna da ke tsibirin Sisili akwai wata da ake ƙiyasta ta haura shekara 2000, kuma har yau da ranta.

'Ya'yanta na zuwa ne cikin kwanso mai ƙaya, kai ka ce bushiya ce ta dunƙule. In ya nuna ya tsage, sai ƙwallaye biyu ko uku su faɗo, masu sheƙi, girman madaidaicin goro. Wanda ya taɓa zuwa Istanbul da sanyi ya ga masu amalanke suna gasa su a bakin titi, yadda ake gasa masara a wajenmu da damina, kuma ɗanɗanonsu ya yi kusa da na gasasshen dankalin Hausa. A tsaunukan Korsika da Italiya, inda alkama ba ta yi sosai, garin kastana mutane suka rayu a kai ƙarni bayan ƙarni, har suka yi mata laƙabi da bishiyar burodi.

Zumar kuwa daga fure take. Tsakanin Yuni da Yuli bishiyar kan fitar da dogayen zangarniyoyin fure masu launin madara, kowace ta kusa taƙi guda, da wani wari-wari mai ƙarfi da ake jiyowa daga nesa. Furen ba ya wuce 'yan makonni. Don haka masu kiwon zuma kan loda akwatunansu a mota su kai dajin, su cire zumar da zarar furen ya kaɗe, gudun kada ta gauraya da ta wani fure.

A waɗanne ƙasashe ake samun ta?

A Turkiyya, galibi daga gaɓar Baƙin Teku take fitowa: Düzce, Zonguldak, Kastamonu, Sinop, har zuwa Artvin kusa da iyakar Jojiya, sai kuma yankin Bursa. Turkiyya ce ta biyu a duniya wajen yawan zuma bayan Sin, tana samar da kimanin tan 100,000 a shekara, amma ta kastana ƙaramin kaso ce a ciki. A Italiya akwai ta Piemonte da Toskana. Zumar yankin Lunigiana ce ta fara samun hatimin kariyar asali na Tarayyar Turai a cikin zumomin Italiya, a 2004. Faransa na da ta Ardèche da Cévennes da tsibirin Korsika. Akwai ta Galisiya a Sifen, da ta Fotugal, Girka, Sloveniya da Kuroshiya. Mutanen Koriya ta Kudu ma suna da tasu, daga wata 'yar'uwar bishiyar.

Ɗaya daga cikin dalilan tsadarta wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ɗan asalin Sin, mai yin ƙwai a tohon bishiyar ya hana ta fure. An fara ganinsa a Turai a Piemonte a 2002, ya bazu, ya karya masu zuma na wasu shekaru, har sai da aka shigo da wani ƙwaron mai cinye shi.

Na ɗanɗana na ji ɗaci da bauri. Ta lalace ne?

A'a. In ma ba ka ji ɗaci ba, to a nan ne ya kamata ka yi shakka. Zaƙi ne ke fara zuwa, ba mai yawa ba, sannan ɗaci ya biyo baya ya zauna a ƙarshen harshe, da bauri irin na goro. Ƙamshinta kamar na jiƙaƙƙen itace ko sabuwar fatar jima. Zumar da ta lalace daban take: tana kumfa, tana warin tsami kamar kunun da ya kwana, murfin kwalbar ya kumbura.

Shekara guda ke nan tana ajiye ba ta daskare ba. Alamar ta gaskiya ce?

Alamar halinta ce dai. Sukari iri biyu ne suka fi yawa a kowace zuma, fruktos da gulukos. Gulukos ne ke dunƙulewa ya yi tsaki-tsaki a gindin kwalba. A zumar kastana fruktos ya rinjaya sosai, shi ya sa takan daɗe a narke. Amma ruwan sukarin da 'yan algus ke haɗawa shi ma ba ya daskarewa, don haka wannan kaɗai ba hujja ba ce.

Bari in yi amfani da wannan dama in wanke wasu masu zuma na gida da ake zalunta. Mutum ya sayi farar zuma, sanyin hunturu ya zo ta daskare, sai ya koma yana zagin mai ita wai ya zuba sukari. Zuma ta ƙwarai tana daskarewa, musamman in gulukos ɗinta na da yawa. A sa kwalbar a ruwan ɗumi, za ta narke ta dawo yadda take.

Me ke cikinta wanda ya bambanta ta da sauran zuma?

Kusan kashi 80 cikin 100 sukari ne, kusan 17 ko 18 ruwa, kamar kowace zuma. Bambancin yana cikin 'yan kason da suka rage.

Tana da gishirin ƙasa fiye da yawancin zumar fure, musamman fotasiyam, sai kalsiyam da manganis. Yawansu har ya sa ake gane ta da shi a ɗakin gwaji: ana narka zuma a ruwa a auna yadda lantarki ke ratsa ta, domin gwargwadon gishirin ƙasa, gwargwadon ratsawar. Dokar zuma ta Tarayyar Turai ta 2001 ta ce zumar fure kada ma'auninta ya wuce 0.8, amma ta kastana dole ya kai 0.8 ko ya haura. Tsaminta kuma bai kai na sauran zuma ba. Tana da yalwar sinadaran tsirrai da ake kira fenol, waɗanda ke da hannu a duhun launinta da ɗacinta, kuma su ne ke sa ta yi zarra a gwajin da ake yi na sinadarai masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Akwai wani sinadari, kinurenik asid, da ke cikinta da yawan da ba a saba gani a wani abinci ba, har masu bincike na amfani da shi a matsayin shaidar asalinta.

Sai ƙurar fure. Furen kastana na zubar da ƙura mai yawan gaske, ƙanana ƙwarai. Saboda haka in an duba zuma a madubin likita, sai an ga ƙurar kastana ta kai wajen kashi 90 cikin 100 na duk ƙurar da ke ciki kafin a yarda ta kastana ce zalla.

To tunda tana da gishirin ƙasa, tana ƙara jini ke nan?

Nan ne masu talla suka fi yin ƙari. Sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke gina jini da shi, bai wuce miligiram 0.4 ba a giram 100 na zuma ta yau da kullum. Mace baliga tana buƙatar wajen miligiram 18 a rana. A yi lissafi: sai ta shanye fiye da kilo 4. Ko da ta kastana ta ninka wannan sau uku, har yanzu ana maganar kilo ɗaya da rabi a yini. Hanta, nama, wake da zogale sun fi ta nesa ba kusa ba, kuma sun fi araha. Mai ƙarancin jini ya fara neman dalili: zazzaɓin cizon sauro ne, tsutsar ciki ce, zubar jini ne, ko sikila. Cokalin zuma ba ya toshe ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Tari da ciwon maƙogwaro fa?

A nan kam zuma na da abin faɗa, kuma hujjar ma da hannun 'yan gida a ciki. A 2018 wasu masu bincike 'yan Najeriya, jagororinsu daga Kalaba, suka tattara wa Cochrane, cibiyar da ke tace sakamakon binciken lafiya, gwaje-gwaje 6 da aka yi a kan yara 899 masu tarin mura. Abin da suka samu shi ne zuma ta fi zama haka nan ba magani, ta fi maganin bogi da ake bayarwa don kwatance, kuma ta yi kusan kunnen doki da dekstrometofan, sinadarin da ke cikin yawancin ruwan maganin tari na kemis. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ita ma ta sa zuma cikin abubuwan da mai sabon tari zai iya gwadawa kafin a kai ga maganin kashe ƙwayoyin cuta.

A lura, sakamakon nan na zuma ne gaba ɗaya, bai keɓanci ta kastana ba. Zumar da ka saya wajen amintaccen mai amya a ƙauyenku za ta yi wannan aikin. Ƙaramin cokali ɗaya kafin barci, a lasa ko a dama a ruwan ɗumi da lemun tsami, ga wanda ya haura shekara ɗaya. A Turkiyya mutane sun daɗe suna shan ta kastana da safe don tari da ƙirji, al'ada ce mai tushe, sai dai yaro ba zai gode maka ba in akwai mai zaƙi a gidan ka ba shi mai ɗaci.

Tarin da ya kai mako biyu, ko mai jini, ko mai zuwa da rama da zufar dare, a je a yi gwajin tarin fuka. Yaron da ke numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, asibiti za a nufa da shi a lokacin. Mai asma kuma kada ya ajiye abin shaƙarsa saboda zuma; ba ta buɗe hanyar numfashi.

Gaskiya ne ana sa ta a miki har a asibiti?

Gaskiya ne, kuma a ganina wannan ne babban abin alfaharinta. Wani kamfanin kayan asibiti a Sloveniya, Tosama, yana yin bandeji da man shafawa na miki mai suna Vivamel, da zumar kastana ake yin su.

Yadda zuma ke aiki a miki abin sha'awa ne. Sukarinta ya yi yawa, ruwanta ya yi kaɗan, sai ta zuƙe ruwan jikin ƙwayoyin cuta su kasa hayayyafa. Tana janyo ruwa daga cikin mikin zuwa sama, wanda ke taimakawa wajen ɗago mataccen nama da rage wari. Bandeji ba ya mannewa, ba a fama mikin wajen canzawa. Sannan ƙudan zuma na zuba mata wani sinadari daga jikinsa, wanda da zarar zumar ta haɗu da danshi sai ya fara samar da haidurojin, irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a kemis, amma kaɗan-kaɗan, ba da ƙarfin da zai ƙona sabon nama ba. A gwajin ɗakin bincike zumar kastana na cikin zumomin Turai da suka fi ƙarfi a kan ƙwayoyin da ke sa miki ruɓa.

A jikin mutane kuwa, bitar da Cochrane ta yi a 2015 kan gwaje-gwaje 26 ta nuna ƙunar da ba ta yi zurfi ba takan warke da wuri da kwana 4 zuwa 5 in an sa zuma, idan aka kwatanta da bandejin da aka saba. Ga tsohon gyambon ƙafa, sakamakon bai fito fili haka ba.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Zumar asibiti an tace ta, an auna ƙarfinta, an kuma haska ta da wani haske mai kashe duk ƙwayar cutar da ke ciki ba tare da an dafa ta ba. Ta kwalbar kicin ba ta bi ta nan ba, cokula nawa suka shiga cikinta Allah kaɗai ya sani. Ɗan ƙujewa ko ƙaramin yanka, in an wanke da sabulu an shafa zuma mai tsabta, da sauƙi. Miki mai zurfi, ƙuna mai faɗi, ƙunar fuska ko ta yaro, da kowane irin ciwo a ƙafar mai ciwon suga, waɗannan na ma'aikatan lafiya ne. Ƙafafu da yawa sun tafi saboda an tsaya shafe-shafe a gida. In wuta ko ruwan zafi ya ƙona mutum, abin farko shi ne a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin na minti 20, kafin a yi tunanin shafa komai.

Ina da ulsa. An ce tana kashe ƙwayar cutar da ke kawo ta.

Tana kashe ta a cikin faranti a ɗakin gwaji, inda zumar ke zaune a kan ƙwayar sa'o'i da yawa ba abin da ya tsinka ta. Ciki ba faranti ba ne. Cokalin da ka sha yana gauraya da ruwan ciki ya tsinke ya wuce, ita kuwa ƙwayar, Helicobacter pylori, tana laɓe ƙarƙashin majinar da ta lulluɓe bangon tumbi. Abin da ke raba mutum da ita haɗin magunguna ne na kwana 10 zuwa 14 bayan gwaji. In zuma na sanyaya maka ciki, sha abinka, ba ta hana maganin aiki. Baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini kuwa, alamar gyambon na zubar da jini ne, ba a kwana da shi a gida.

Mahaifiyata na da ciwon suga. Tunda mai ɗaci ce, za ta iya sha?

Ɗacin ya rufe zaƙin ne a harshe kawai, sukarin yana nan daram. Babban cokali ɗaya, wajen giram 21, yana ɗauke da giram 17 na sukari. Rinjayen fruktos na iya sa sugan jini ya hau a hankali fiye da yadda farin sukari ke yi, amma zai hau. Mun saba ɗaukar duk abu mai ɗaci a matsayin maganin suga, daga shuwaka har garafuni, shi ya sa wannan zuma ke saurin yaudarar mutane. In Hajiya na marmari, ta tambayi likitanta, ta lasa kaɗan a madadin wani abin zaƙin, ta kuma auna jininta bayan awa biyu ta gani da idonta. Ko ga mai lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa zuma a sahun sukarin da ta ce kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da ake samu daga abincin yini, wato wajen giram 50 ga babba.

An ce tana maganin kumburin jijiyoyin ƙafa da basir.

Wannan ruɗanin suna ne. Akwai wata bishiya daban da Turawa da Turkawa ke kira kastanar doki, Aesculus hippocastanum. 'Ya'yansu sun yi kama, amma ko dangi ba su haɗa ba. Daga ƙwallon kastanar doki ake fitar da sinadarin esin, wanda ke da shaidar rage kumburi da nauyin ƙafa ga masu raunin jijiyoyin jini. Masu talla sai suka kwashe amfanin waccan suka jingina wa zumar wannan. Ɗanyen ƙwallon kastanar doki ma guba ne, ba a ci. Hawan jini kuma ba a sauke shi da zuma. Wanda ke kan magani ya ci gaba da abinsa.

Zan iya lasa wa jariri?

A'a. Ko ta kastana, ko ta gida, ko ta Makka, ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko ɗigo. Zuma kan ɗauki ƙwayayen wata cuta, Clostridium botulinum, waɗanda hanjin babba ke fin ƙarfinsu, amma a hanjin jinjiri sai su tsiro su fitar da dafi mai shanye jiki. Yaro ya daina bayan gida, ya kasa kama nono, kukansa ya yi rauni, wuyansa ya saki, a ƙarshe numfashi ya gagara. Tafasa zumar ba ya kashe su. Na san akwai gidajen da kaka ke lasa wa jinjiri zuma ranar da aka haife shi da niyyar tahniki. Abin da ya zo a hadisi dabino ne. A faɗa wa Kaka da ladabi, amma a faɗa.

Mai ciki da mai shayarwa fa?

Za su iya sha, sai in mai cikin na da sugan ciki. Wanda jikinsa ke yin bori in ya sha zuma ko ya shaƙi ƙurar fure, ya yi hattara da wannan musamman, don ƙurar da ke cikinta na da yawa. Kumburin leɓe ko maƙogwaro bayan an sha, a garzaya asibiti.

Na ji wani ya sha zumar Turkiyya ya faɗi. Ita ce?

Mai yiwuwa maƙwabciyarta ce, kuma wannan tambaya ta fi duk sauran muhimmanci ga mai sayo zuma daga can. A tsaunukan gabashin Baƙin Teku akwai wani tsiro mai kyawun fure, rododendiron, wanda ruwan furensa ke da dafi mai suna girayanotoksin. Zumar da aka yi da shi Turkawa na kiranta deli bal, wato mahaukaciyar zuma. Labarinta tsoho ne. Kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), marubuci Zenofon ya ba da labarin yadda sojojin Girka da yake tare da su suka ci saƙar zuma kusa da Trabzon, suka zube kamar an yi musu kisan yaƙi, masu amai na yi, masu gudawa na yi, sai washegari hankalinsu ya dawo.

Abin da ya haɗa ta da zumarmu shi ne daji ɗaya suke. Rododendiron na fure gab da kastana, a wasu wuraren ma lokutan na haɗuwa, ƙudan zuma kuwa ba ya tambayar sunan fure. Dukansu biyu da ɗaci. Don haka zumar kastana ta wannan yanki kan iya zuwa da ɗan dafin a ciki, kuma shi ne dalilin da mutanen wurin ba sa shan ta da yawa lokaci guda.

Alamun na zuwa ne daga 'yan mintoci zuwa awa biyu ko uku: jiri, zufa, amai, gani dishi-dishi, jini ya faɗi, bugun zuciya ya yi ƙasa, wani har ya suma. Yawanci akan farfaɗo cikin yini guda in an kai asibiti an sa ruwa an yi allura. Haɗarin ya fi yawa ga dattawa da masu shan maganin hawan jini ko na zuciya. Da yawan waɗanda ake kwantarwa a can magidanta ne da suka sha da gangan, wai don ƙarin kuzari a shimfiɗa. Ga zaƙi ga harbi ke nan. In aka kawo maka sabuwar kwalba daga wannan yanki, musamman marar takarda, fara da rabin ƙaramin cokali ka saurari jikinka. In ka ji tana ƙona maƙogwaro da wani zafi-zafi, ajiye ta.

Amma ai Alƙur'ani ya ce akwai waraka a zuma.

Haka ne, a Suratun Nahli aya ta 69, kuma ayar ta ambaci cewa launukanta mabambanta ne, abin da duk wanda ya ajiye farar saƙa kusa da wannan baƙar zai gani da idonsa. Tafsiri na malamai ne. Abin da zan ce kawai, ayar ba ta ware zumar wata ƙasa ko ta wani shago ba. Mai tallan da ya janyo ta don ya ninka kuɗin kwalbarsa, ko ya sa mai suga ya ajiye allurarsa, ciniki yake yi.

Tsakaninta da manuka, da sidir, da tamu ta gida, wacce ta fi?

Ya danganta da abin da ake nema. Manuka ta Niyuzilan ce aka fi yin bincike a kanta wajen miki, kuma ƙarfinta daga wani sinadari daban yake, wanda zafi bai cika lalata shi ba. Sidir ta Yaman sunanta da daɗinta ake saya. Ta kastana ta yi fice a gishirin ƙasa da fenol. Tamu kuwa, wadda ƙudan zuma ya tara daga ɗorawa da kaɗanya da gawo da darbejiya, matsalarta ba daga furen take ba, daga hannu take: a ƙone amya da wuta har zumar ta yi ƙauri, a matse saƙa da 'ya'yan zuman a ciki, a cire ta ba ta nuna ba, ko a dafa ta a tukunya. In ka sami wanda ba ya yin waɗannan, riƙe shi da kyau. Don tari da shayi da abincin gida, ni ban ga dalilin biyan kuɗin jirgi a kan zuma ba. Wanda ke son ɗanɗanon kastana don kansa, wannan kuma wata magana ce, kuma ina cikinsu.

Yaya zan gane ta gaskiya?

Gwajin ashana, da ɗiga ta a ruwa, da zuba ta a ƙasa a ga ko za ta dunƙule, duk kaurin zuma suke aunawa. Ruwan sukari mai kauri zai ci waɗannan jarrabawa. Algus ɗin zamani sai ɗakin gwaji. A 2023 Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon binciken zumar da ake shigo mata da ita: cikin samfuri 320, kashi 46 cikin 100 an zarge su da haɗi da ruwan sukari, kuma cikin 15 da suka fito daga Turkiyya, 14 na cikin waɗanda ake zargi. Binciken na zuma ne iri-iri, ba na kastana kaɗai ba, amma ya isa ya nuna cewa zuwa daga waje ba shaidar kirki ba ce.

Abin da mai saye zai iya yi shi ne ya duba takardar kwalba: kestane balı, ko miele di castagno, ko miel de châtaignier, da sunan yankin da aka samo ta, da na mai ita, da kwanan wata. Ya shinshina, ya ɗanɗana. Ɗacin kastana na zuwa a hankali ya daɗe, ga ƙamshin itace. Na ƙonannen sukari kuwa ƙauri ne irin na alewar da ta kama tukunya. In an yi maka araha ƙwarai, ka san da walakin.

Yaya zan ajiye ta a zafin nan namu?

A kwalbar gilashi mai murfi gam, a wuri mai duhu da sanyi-sanyi, nesa da murhu da taga. Zafi da haske na kashe sinadarin nan mai samar da haidurojin, kuma zafi na ƙara wani sinadari da ake auna tsufan zuma da shi, wanda dokar Turai ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 40 a kilo, ko 80 ga zumar ƙasashe masu zafi. Kwalbar da ta yi watan Afrilu a bayan mota ko a kan tebur a bakin titi, zaƙi da ɗaci suna nan, amma rabin abin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi. Kada a sa jiƙaƙƙen cokali a ciki, don zuma na jan danshi, in ruwanta ya haura kashi 20 sai ta fara tsami. Da damina a ƙara kula da murfi.

To yaya ake cin ta, tunda a shayi ba ta da daɗi?

Gaskiya a shayi takan danne komai, har ganyen shayin. In za a sa, a bari ya huce tukuna. Italiyawa da cuku suke cin ta, tsohon cuku mai gishiri, su ɗiga mata kaɗan a kai, gishiri da maiƙo su kwantar da ɗacin. Ana shafa ta a gasasshen nama gab da saukewa, ana kuma sa ta a burodi da man shanu. Ƙaramin cokali ɗaya ko biyu a yini ya ishi babba.

A gidanmu kindirmo ne ya sasanta ta da Inna. Kwalbar Kawu ta yi wata bakwai a saman kabad ba mai kallonta, sai wata rana sukari ya ƙare ana tsakiyar dama fura, ƙanwata ta ɗauko ta zuba cokali guda. Tsamin nonon da yajin furar suka shanye ɗacin, ya rage wani ɗanɗano kamar na gasasshiyar gyaɗa. Inna ta sha ludayi biyu ba ta ce komai ba, a na uku ta tambaya ko Alhaji zai koma Istanbul kafin azumi.